Tarihin Johnstown Chiefs, da dalilin da ya sa ƙungiya ke tattara kayanta ta bar gari

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Pittsburgh, ban jima da zuwa ba. Ina yawan ganin mutane da riga an rubuta Chiefs a gaba, na tambayi wani abokin karatuna ya ce ai ƙungiyar hoki ce ta wani gari Johnstown amma yanzu babu ita, ta koma wata jiha. Ni dai ɗan ƙwallo ne, abin ya ɗaure min kai, ta yaya ƙungiya za ta bar garinta? Faɗuwa ta yi zuwa rukunin ƙasa ko kuwa talaucewa? Don Allah a ba mu tarihinta."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka biyu ce a haɗe, ɗaya tarihin Chiefs ɗin kanta, ɗaya kuma yadda tsarin wasanni na Amurka yake har ƙungiya ta iya tashi daga gari kamar ɗan haya. Bari in fara da ta biyun a gurguje don in ba a gane ta ba, tarihin ba zai zauna ba.

Mu abin da muka saba shine ƙungiya ta yi rashin nasara ta faɗa rukunin ƙasa, kamar yadda Kano Pillars ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023, kuma duk tsawon lokacin tana nan a Kano, gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita, ba wanda zai ɗauke ta ya kai Legas. Toh a Amurka da Kanada babu hawa babu sauka. Lig kamfani ne, kowace ƙungiya lasisi ce da wani mai kuɗi ya saya, in ya ga garin ba ya biya masa buƙata sai ya nemi amincewar sauran masu ƙungiyoyin ya ɗauki lasisinsa ya kai wani gari. A hokin ƙanƙara NHL ce a sama, inda Pittsburgh Penguins ɗin garinku suke, ƙasa da ita AHL, ƙasa da wannan kuma ECHL, nan ne Chiefs ta yi rayuwarta. Ɗan wasa ne ke hawa da sauka tsakanin matakan nan, ƙungiya kam ko ta ci kofi sau goma tana inda take.

Garin da ƙarfe ya gina

Johnstown na gabas da Pittsburgh, tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko sama da haka kaɗan a mota, gari ne a cikin kwari tsakanin duwatsu inda kogin Stonycreek da Little Conemaugh suka haɗu. Ƙarfe ne ya gina shi. Kamfanin Cambria Iron ya fara aiki a 1852, daga baya masana'antar ta koma hannun Bethlehem Steel a 1923, kuma wajen 1920 mutanen garin sun kai kusan 67,000. Wancan kwarin da ya ba su ruwa da gawayin kwal shi ne kuma ya zame musu masifa, don ranar 31 ga Mayu 1889 madatsar South Fork ta fashe ruwa ya kashe sama da mutum 2,200, aka sake ambaliya a 1936, aka sake a 1977. Ka riƙe wannan ta ƙarshen don za mu dawo kanta.

A 1950 aka buɗe zauren wasa na Cambria County War Memorial, mai ɗaukar mutum wajen 4,000, don tunawa da sojojin yankin da suka yi yaƙi, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar Johnstown Jets. Ita ce uwar duk wannan labarin. Jets sun yi shekara 27, sun ci kofin lig ɗin Eastern sau uku a jere, 1960 da 1961 da 1962, kuma 'yan kallonsu ma'aikatan masana'anta ne da iyalansu, mutum ya tashi daga aikin wuta da narkakken ƙarfe ya zo ya zauna yana kallon wasu suna gwabzawa a kan ƙanƙara. 'Yan wasan yawanci 'yan Kanada ne, da yawansu sun yi aure a garin sun zauna har tsufa, irin su Dick Roberge da Don Hall da Galen Head, waɗanda har yau ake girmama lambobin rigunansu a zauren. Wannan zaman da suka yi a gari shi ya sa hoki ta shiga jinin mutanen wurin, don ɗan wasa maƙwabcinka ne, kuna haɗuwa a kanti.

A kakar 1974 zuwa 1975 Jets suna lig ɗin North American, suna renon 'yan wasa wa babbar ƙungiyar Minnesota Fighting Saints. Sun fara kakar da rauni, sai suka farfaɗo suka ci kofin Lockhart ƙarƙashin Roberge wanda a lokacin ya zama koci. A cikin 'yan wasan akwai 'yan'uwa uku 'yan gida ɗaya, Jack da Steve da Jeff Carlson, masu sa tabarau da son faɗa, akwai Dave Hanson, akwai kuma wani Ned Dowd. 'Yar'uwarsa Nancy Dowd marubuciya ce, ita ta ɗauki labaran da yake ba ta ta rubuta fim ɗin Slap Shot, aka ɗauke shi a cikin Johnstown da zauren nan a 1976, Paul Newman ya fito a matsayin koci ɗan wasa, fim ɗin ya fita a farkon 1977. Steve da Jeff sun fito da kansu, Jack kuma an kira shi wasa Edmonton sai Dave Hanson ya maye gurbinsa. Sunan ƙungiyar a fim ɗin Charlestown Chiefs.

Nan ne amsar rigar da kake gani take. In shuɗiya ce ko fara mai shuɗi da ruwan ɗorawa, ta fim ce, ita ce ta fi yawa a hannun mutane ko'ina a Amurka da Kanada. Ta ainihin Johnstown Chiefs baƙi ce da ruwan zinare, kalar da ƙungiyoyin Pittsburgh ke sawa.

Abin da ke taɓa min zuciya a labarin nan shine fim ɗin a kan masana'antar gari da za a rufe yake da ƙungiyar da za ta mutu tare da ita, kuma wata biyar kacal bayan fitowarsa, daren 19 zuwa 20 ga Yuli 1977, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya fasa madatsu ya kashe sama da mutum 80, ya lalata injinan da ke daskarar da ƙanƙarar zauren, Jets ba su sake buga wasa ba, lig ɗin ma gaba ɗaya ya rushe a wannan shekarar. Bethlehem ta rage dubban ma'aikata bayan ambaliyar. An gwada kawo wasu ƙungiyoyi, Wings a 1978, Red Wings a 1979, kowacce kaka ɗaya ta yi ta mutu, daga 1980 garin ya zauna babu hokin ƙwararru kusan shekara takwas, kuma a farkon shekarun 1980 yana cikin wuraren da rashin aikin yi ya fi tsanani a duk Amurka.

Zuwan Chiefs

Wani ɗan kasuwa daga Virginia mai suna Henry Brabham ne ya dawo da hoki garin. A Janairun 1988 ya sa sabuwar ƙungiya a lig ɗin All-American ana tsakiyar kaka, an so a sa mata Jets amma sunan yana hannun tsofaffin masu shi, sai aka ɗauko sunan fim aka ce Chiefs. Mutane suka cika zauren. Daga baya a wannan shekarar Brabham ya haɗa ƙungiyoyi biyar aka kafa East Coast Hockey League, wato ECHL ta yau: Johnstown da Erie Panthers da Carolina Thunderbirds da Knoxville Cherokees da Virginia Lancers. Kocin Chiefs kuwa Steve Carlson ne, wancan na fim, ya riƙe ta har 1992.

Kakar farko a ECHL ita ce mafi kusa da suka taɓa zuwa ga kofi. Sun kai wasan ƙarshe na kofin Riley a 1989 da Carolina, a hoki kuma wasan ƙarshe ba wasa ɗaya ba ne, wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai shi ke ɗauka, aka ja har wasa na bakwai Carolina ta ci. Golansu na wannan kakar Scott Gordon shi ne ɗan ECHL na farko da ya taka NHL, da Quebec Nordiques a Janairun 1990, daga baya ma ya zama kocin New York Islanders. Wannan abin alfahari ne na gaske, don a lokacin mutane na ganin ECHL wurin 'yan dambe ne kawai da waɗanda aka yar, shi ya fara nuna cewa hanya ce da za ta iya kai mutum sama.

Daga nan kuma sai doguwar tafiya mai gargada. Kaka 22 suka yi a ECHL ba su ci kofi ko sau ɗaya ba, ba su ma sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Tsakiyar shekarun 1990 sun yi shekaru a jere ba su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, sai wajen 2000 lokacin da suke haɗin gwiwa da Calgary Flames abubuwa suka ɗan gyaru, a zamanin ne Jody Shelley ya wuce ta wurin kafin ya je Columbus ya yi suna da faɗa. Kakar 2003 zuwa 2004 ce mafi kyau a yawan maki, a cikinta Arturs Irbe ɗan Latbiya ya tsare musu raga, golan da ya kai Carolina Hurricanes ta NHL wasan ƙarshe na kofin Stanley, babban kofin NHL, a 2002, ka ga mutum irin wannan yana hawa bas da yara masu karɓar 'yan ɗaruruwan dala a mako. Duk da haka wasa ɗaya tak Reading Royals ta yi ta fitar da su.

Amma ka lura da wani abu, sauran huɗun da aka kafa lig ɗin da su duk sun riga ta tashi. Carolina Thunderbirds ta koma Wheeling a 1992, Virginia ta bar yankinta a 1993, Erie ta koma Baton Rouge a 1996, Knoxville ta koma South Carolina a 1997. Johnstown ƙaramin gari mai fama da talauci shi ya riƙe tasa har 2010. Shi ya sa ba na yarda in an ce wai mutanen garin ne suka yi sakaci.

Inda kuɗin ke shiga da inda yake fita

Na yi aiki a ofishin tikiti da tallace-tallace na wata ƙaramar ƙungiyar hoki a wani gari daban, ba Johnstown ba, kuma a nan na fahimci cewa ƙungiya irin wannan ba ta da kuɗin talabijin da za a ce ya riƙe ta, abin da ya shigo ta ƙofa shi ne abincinta. Kaka wasa 72 ce, 36 a gida. Waɗannan dare 36 ɗin su ne duk kasuwarka ta shekara. Ranar Juma'a da Asabar zaure na cika, ranar Talata ko Laraba cikin sanyin Janairu sai ka ga kujeru wayam, kuma albashi da kuɗin bas da otal iri ɗaya ne ko mutum nawa suka zo. Mu a ofis abin da muke bi da gudu tun bazara shine masu sayen tikitin kaka gaba ɗaya, sai rukuni-rukuni, makaranta ko coci ko kamfani ya sayi kujera ɗari wa mutanensa, sai kuma kamfanonin da za su biya a liƙa sunansu a katakon da ya kewaye ƙanƙarar. Cin wasa yana taimakawa amma ba kamar yadda 'yan kallo ke zato ba, na ga daren da muka sha kashi zaure a cike saboda an raba wa yara kyauta, na ga daren da muke saman tebur rabin kujeru babu kowa.

Yanzu ɗora wannan a kan Johnstown. Bethlehem ta rufe aikinta a garin a 1992, lokacin Chiefs na da shekara huɗu. Mutanen da suka kai 67,000 sun koma ƙasa da 21,000 a ƙidayar 2010, da yawansu kuma tsofaffi, matasa sun tafi neman aiki. Wato manyan kamfanonin da za su sayi talla da kujerun rukuni sun ragu, iyalai masu yara sun ragu, kuma ba za ka iya ƙara kuɗin tikiti ba don masu zuwan 'yan fansho ne. A shekarun ƙarshe 'yan kallo na wajen 2,000 a wasa. In ka duba girman garin wannan adadi ne mai ban mamaki, kusan mutum ɗaya cikin goma na cikin gari kenan, ko da yake wasu daga ƙauyukan kewaye suke zuwa. Amma yi lissafi, 2,000 sau 36 tikiti 72,000 ne, ka sa misali dala 12 kowanne bai kai dala miliyan ɗaya ba a shekara, daga ciki za a biya 'yan wasa kusan ashirin, a kama musu gidajen haya don dokar lig ce ƙungiya ta ba su wurin kwana, a biya koci da mai kula da rauni da mai kula da kaya, a sayi sanduna da takalman ƙanƙara waɗanda ke karyewa kullum, a biya inshorar rauni wadda a hoki tana da tsada sosai, a biya kuɗin lig, a biya hayar zaure. Ba ya isa, ko ta ina ka juya shi.

Wani abin kuma lig ɗin ya girma ya bar ta a baya. ECHL ta fara da ƙananan garuruwa da tsofaffin zaure, amma a shekarun 1990 ta bazu kudu inda ake gina sababbin zaure masu ɗaukar dubu takwas dubu goma da ɗakunan manyan baƙi da kamfanoni ke haya da tsada, a 2003 ta haɗiye ƙungiyoyin gabar yamma har da Alaska. Zauren 1950 ba shi da irin waɗannan hanyoyin samun kuɗi. Akwai iyakar albashi da lig ya sa don kada mai kuɗi ya saye duk 'yan wasa, hakan ya taimaki Chiefs ta iya gogayya a kan ƙanƙara, amma bai rage mata sauran kashe-kashen ba. Sannan batun yarjejeniyar haya, wa ke cin kuɗin abinci da abin sha da ake sayarwa a zaure, wa ke cin na ajiye mota, a gogewata wannan kaɗai na iya raba ƙungiyar da ke numfashi da wadda ke nutsewa, kuma zauren Johnstown mallakar ƙaramar hukuma ne wadda ita ma tana fama da nata ramin.

Tashin

Tun 2002 babban mai ƙungiyar shi ne Neil Smith, wanda ya yi janar manajan New York Rangers lokacin da suka ci kofin Stanley a 1994, wato mutum ne da ya san hoki ciki da waje. Ya yi shekaru yana cike giɓi, an nemi masu kuɗi na gari su saya ba a samu wanda zai ɗauki nauyin ba. Kakar 2009 zuwa 2010 ta zo da muni, ga matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 2008, ƙungiyar na ƙasan tebur, har Smith da kansa ya koma bencin koci. A Fabrairun 2010 aka sanar za a tashi zuwa Greenville a South Carolina, aka buga wasan ƙarshe a gida a farkon Afrilu da Elmira Jackals, suka yi rashin nasara. A Greenville aka sa mata Road Warriors, a 2015 aka canza zuwa Swamp Rabbits, tana nan tana wasa har yanzu. Kenan a takarda ƙungiyar ba ta mutu ba, lasisin 1988 ɗin nan ne ke aiki, amma ka tambayi mutumin Johnstown zai ce maka ta mutu a 2010, kuma ni ina tare da shi.

Ko akwai abin da za a iya yi? Mutane kan kawo hanya uku. Ta farko a sami attajirin gari ya riƙa ɗaukar asara don son garinsa, wannan na faruwa a wasu wurare amma yana ƙarewa ranar da mutumin ya gaji ko ya rasu. Ta biyu babbar ƙungiyar NHL ta saye ta ta mai da ita makarantar renon 'yan wasanta, sai dai Penguins da ke kusa tuni tana da Wheeling. Ta uku a sauka zuwa matakin da kuɗinsa ya yi daidai da aljihun garin, kuma ita ce ta faru daga baya. Sabon gari ma ba tabbas ba ne, Greenville ɗin nan ta taɓa samun ƙungiya mai suna Grrrowl da ta ci kofin Kelly, kofin ECHL da ya maye gurbin Riley, a 2002 amma ta rushe a 2006 duk da katafaren zaurenta. Ni dai ta ɓangaren tikiti da talla na ga harkar nan, ban taɓa zama mai ƙungiya ba, kuma lissafin da na yi maka a sama misali ne don ka ga girman ramin. Ra'ayina dai shine Smith bai yi abin da wani ɗan kasuwa ba zai yi ba, amma tsarin da ke barin mutum ɗaya ya ɗauke abin da gari ya yi shekara 22 yana raino, tsari ne mai ciwo.

Bayan tashinsu Wheeling Nailers, jikokin waccan Carolina da ta hana su kofi a 1989, sun riƙa zuwa suna buga wasu wasanninsu na gida a zauren na kaka biyu. A 2012 aka kawo Johnstown Tomahawks, ƙungiyar matasa masu shekara 16 zuwa 20 da ke neman gurbin jami'a, ba a biyansu albashi, a gidajen mutanen gari suke zama, kaga babban nauyin ya sauka kenan, 'yan kallo dubu biyu sun isa su riƙe irin wannan. A 2015 kuma garin ya ci gasar Kraft Hockeyville ta Amurka, wadda ake zaɓen garin da ya fi ƙaunar hoki, karo na farko da aka yi ta, da ƙuri'ar jama'a, aka ba su dala 150,000 na gyaran zaure, Penguins da Tampa Bay Lightning suka zo suka buga wasan share fage a can a watan Satumba.

Tunda kana Pittsburgh, shawarata ka sami wata Asabar tsakanin Oktoba da Maris ka je wasan Tomahawks, tikitin ba shi da tsada ko kusa da na Penguins, zauren yanzu ana kiransa 1st Summit Arena amma ginin 1950 ɗin ne dai. Ka sa rigar sanyi mai kauri don ciki ma akwai sanyi, ka je da wuri ka zagaya ka ga hotuna da tutocin Jets da Chiefs, in da lokaci kuma ka biya gidan tarihin ambaliyar 1889 da ke cikin garin, ba shi da nisa da zauren.